Masu ɗora dutse a zobe, da ido kuke jerawa ko da awo?

Sani_Azurfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka riga mu shiga harkar ɗora dutse. An kawo min aikin zoben azurfa na mace, faɗinsa mili 4, ana so a jera ƙananan duwatsu bakwai a samansa, irin farin zirkon ɗin nan mai mili 2, kuma binne su ake so a yi a jikin zoben ba a kan farce ba, wato 'yan ƙugiyoyin ƙarfen nan masu riƙe dutse. To matsalar duk sanda na zo hudawa sai bakin diril ya zame, wani rami ya haura wani ya gangaro, tazarar ma ba ta zuwa ɗaya, in ka ɗaga zoben a haske sai ka ga layin kamar sawun maciji. Maigidana shi da ido kawai yake yi, ya ɗiga alama da alƙalamin maka ya huda kuma ya fito daidai, in na tambaye shi sai ya ce hannu ne zai saba. Ni kuma ina ganin dole akwai hanyar sa alama da mutum zai bi kafin hannun ya saba. Da me kuke yi? Kuma maka ta isa ko sai an karci ƙarfen?

Baba_Maƙerin_Fari:
Wa alaikumus salam. Yaro, maigidanka gaskiya ya faɗa maka amma bai faɗa maka duka ba. Ka nemi difaida, abin awon nan mai ƙafa biyu masu tsini, ta ƙarfe mai sukurun ɗaurewa, ba irin ta cikin masset ɗin 'yan makaranta ba, waccan kana cikin aiki za ta buɗe da kanta ba ka sani ba. Zobenka mili 4 ne, to ka buɗe ta mili 2, ƙafa ɗaya ta jingina da gefen zoben ɗayar tana jan layi a sama. Sannan ka juya ka sake ja daga ɗaya gefen. In layukan biyu sun hau kan juna ka samu tsakiya kenan, in sun bar ɗan fili a tsakaninsu to tsakiyar tana cikin filin nan. Kuma kar ka danna hannu, layin da ido zai iya gani kawai ake so. In ka karta da zurfi sai ka ci azurfa da yawa wajen goge shi, in gwal ne kuwa wannan asara ce da za ka gani a kan sikeli.

Auwal_Gwal:
Abin da Baba ya faɗa shi ne. Ƙari na ɗaya, kafin ka ja layin ka shafe saman zoben gaba ɗaya da baƙar maka ko shuɗiya, irin wadda ba ta goguwa, ka bari ta bushe. In difaida ta bi ta kai layin fari tas zai fito a cikin baƙi, ko ba ka danna ba za ka gan shi. In ka gama ka sa sifirit a auduga ka goge.

Sani_Azurfa:
Na gode Baba, na gode yaya Auwal. To tazarar tsakanin duwatsun fa? Nan ne ma na fi shan wahala.

Baba_Maƙerin_Fari:
Daga tsakiya ake farawa. Bakwai ne, to na huɗu shi ne uban tafiya, ka fara sa alamarsa a daidai ƙololuwar zoben, wato kishiyar inda aka yi walda. Sai ka buɗe difaida mili 3, ka taka uku dama, ka dawo tsakiya ka taka uku hagu. Mili 3 daga cibiya zuwa cibiya zai bar maka mili 1 na azurfa tsakanin dutse da dutse, da shi za ka samu naman da za ka kwantar a kansu. Masu farawa daga gefe ɗaya su nufi ɗaya gefen, ɗan kuskuren da ke taku na farko shi ke taruwa, kafin su kai na bakwai jerin duk ya karkata gefe guda.

Maryam_Beads_KD:
Ina bibiya. Ni da duwatsun sarƙa na fara, yanzu nake koyon aikin azurfa, wallahi wannan zaren ya zo min a kan gaɓa.

ɗan_Sakkwato:
Ni wagga magana ta difaida ban ƙi ta ba, amma ku faɗa ma yaron gaskiya, zamewar diril ba daga layi take ba. Ko ka ja layi mai kyau in ba ka yi ma bakin diril wurin zama ba sai ya yi yawo, balle bisa zobe da ke da lanƙwasa. Mu yadda munka koya, ka sa zoben ga sandar ƙarfe ta awon zobe ya zauna daram, ka ɗauko ɗan madoshi mai tsini ka ɗora bisa alama ka buga da ƙaramar guduma sau guda, a hankali. Wanga ɗan gurbi shi ka riƙe diril. In ka buga babu sandar a ciki zoben ya lotse, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Auwal_Gwal:
Malam ɗan_Sakkwato madoshi yana aiki amma ni na daina amfani da shi a kan zobe siriri, saboda ko da sandar a ciki yana ɗan miƙar da ƙarfen, kuma in ka buga ya kauce to ya kauce kenan. Abin da nake yi, bayan na ɗan soka alamar da allura sai na ɗauko bakin inji mai kan ƙwallo, ƙarami sosai kamar mili 0.8, na taɓa wajen kaɗan. Amfaninsa shi ne in na duba na ga gurbin ya ɗan yi gefe zan iya kwantar da hannu na jawo shi ya dawo kan layi tun ramin bai yi zurfi ba, da diril kuwa ba ka isa ka yi haka ba, karyewa zai yi.

ɗan_Sakkwato:
Wanda ke da injin huda na rataye ke wagga magana. Yaran da ba su da shi fa, ko ga inji babu wuta?

Auwal_Gwal:
Ai ko da hannu ana juya shi Malam, ka ɗaure bakin a ɗan mariƙin allura ka murza da yatsu, azurfa ba ta da taurin da za ta gagara. Sai dai a hankali.

Injiniya_Bash:
Bari in shigo da lissafi tunda ni ta wannan ƙofar na shigo sana'ar. Sani akwai abin da ba wanda ya tambaye ka, kaurin zoben nawa ne? Dutse mai zagaye irin yankan daimon zurfinsa wajen kashi 60 cikin ɗari ne na faɗinsa, wato mai mili 2 zai kai kusan 1.2 daga fuska zuwa tsinin gindi. Tunda binnewa za ka yi, fuskar dutsen ta yi daidai da saman ƙarfe, in kaurin zoben bai kai kamar 1.5 ba tsinin zai leƙo ta ciki ya dinga sukar yatsar mai shi. Wannan tun kafin a yi maganar alama ake duba shi.

Na biyu, ka sayi kalifa ta dijital, wato abin auna faɗi da kauri, ka auna duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Takardar da aka naɗo su za ta ce 2.0 amma in ka auna za ka ga wani 1.95 wani 2.05, musamman masu araha. Ka jera su a kan ɗan kaki bisa girmansu, mafi girma a tsakiya, ƙanana a gefe, kuma kowane rami a yi shi don dutsensa. Hudar farko da diril na mili 1, sai ka buɗe da mai kan ƙwallo wanda bai kai girman dutsen ba, sai a ƙarshe bakin da ke da siffar dutsen ya yanka mazauni. Na ƙarshen nan daidai da dutsen ko ƙasa da shi da ɗan kaɗan, yadda sai ka danna zai shiga da ɗan ƙara. In ya faɗa ciki da kansa yana rawa to ramin ya yi yawa, duk gugar da za ka yi ba zai riƙu da kyau ba.

Sani_Azurfa:
Kaurin 1.6 ne Injiniya, yanzu na auna. Alhamdu lillahi ashe na tsira ta nan.

Baba_Maƙerin_Fari:
Da kyau. Ka riƙa taɓa bakin diril a kakin zuma ko ɗigon mai kafin kowace huda, ba zai yi zafi ya karye maka a ciki ba.

Inadan_Agadez:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Agadas yawancin aikinmu ba na ƙananan duwatsun nan ba ne, aƙiƙ ne ja ko baƙi, manya, masu shafaffen gindi, da katakon baƙin itace da muke sawa cikin azurfa. Alamar mu daban take. Dutsen da kanshi shi ne ma'auni, ka ɗora shi bisa farantin azurfa ka riƙe da yatsa ka zagaye shi da allura, sannan ka yanko siririn ƙarfen da zai zama katangarshi ka naɗa a jikin dutsen ka sa alama inda bakin biyu suka haɗu. Kompa muna aiki da shi sosai amma wajen zane, don zanen da kuke gani bisa kuros ɗin Agadas da hannu ake sassaƙa shi, kuma sai an raba fili da kompa tukuna in ana so dama da hagu su yi daidai. Tsofaffinmu in za su ja layi ba su da maka, hayaƙin fitila suke sa ma ƙarfen ya yi baƙi su ja a kai. Har yanzu wasu na yi.

Baba_Maƙerin_Fari:
Allah ya jiƙan magabata. Mu ma a Kano da hayaƙin aci-balbal muka tarar ana yi, kuma azurfar ma tsohuwar dala ake narkarwa, mai hoton matar nan Mariya Tareza da aka buga wa 1780. Ita azurfarta kashi 833 ce cikin dubu, ta fi 925 ɗin yanzu tauri, in ka yi katanga da ita sai ka sha wuya kafin ta kwanta a kan dutse.

Injiniya_Bash:
Malam Inadan naɗawa a jiki hanya ce mai kyau, amma ga wanda yake son ya yanka sau ɗaya akwai lissafi. Faɗin dutse a tara da kaurin ƙarfen katangar, a ninka da 3.14. Misali aƙiƙ mai zagaye mili 10, katanga mai kauri 0.4, wato 10.4 sau 3.14, ya ba ka 32.7. In mai siffar ƙwai ne kamar 14 da 10, ka haɗa su ka raba biyu ya zama 12, ka ƙara 0.4 ka ninka, 38.9.

Auwal_Gwal:
Injiniya na zagayen daidai ne, amma na ƙwan nan kullum yana ɗan gazawa, ka gwada ka gani. Ni ina ƙara kamar rabin mili in ya so in rage da magagari. Ragewa ta fi sauƙi a kan a ce ya gaza ka koma neman miƙarwa.

Injiniya_Bash:
Haka ne, lissafin ƙwan kusantowa ne kawai, kuma iya tsawon dutsen iya yadda gazawar ke ƙaruwa. Na yarda da ƙarin.

Maryam_Beads_KD:
Dan Allah Baba tsayin katangar fa, ta ya ake sanin inda za a yanke? Ina ganin wasu zobban katangar ta haɗiye rabin dutsen, wasu kuma kwana kaɗan dutsen ya fice.

Baba_Maƙerin_Fari:
'Yata ki kalli dutsen ta gefe a daidai idonki. Inda jikinsa ya fara lanƙwasowa ciki, to katanga ta wuce nan da kaɗan ta tsaya, a yawancin duwatsu wajen kashi ɗaya cikin uku ne na tsayinsa. Ki saita difaida a wannan tsayin ki zagaye katangar da layi, ki ci da magagari har kan layin. In ta yi tsayi da yawa wajen kwantarwa za ta tattare ta yi miki kunne-kunne. Kuma kafin ki gwada dutsen a ciki ki shimfiɗa zare mai ƙarfi a ƙasan gidan bakinsa biyu suna waje, in dutsen ya matse sai ki ja zaren ya fito, ba sai kin sa wuƙa kina ɓanɓara ba. In da hali katangar ki yi ta da tsantsar azurfa 999, ta fi laushi.

Maryam_Beads_KD:
Allah ya saka da alheri Baba, wannan dabarar zaren ban taɓa jin ta ba.

Kwastoma_Ce_Ni:
Ku yi haƙuri ni ba maƙeriya ba ce, mai saye ce, amma tunda kun taru bari in faɗi abin da ke raina. Na kai awarwaron gwal gyara wani shago, dutse biyu sun fita, aka mayar min da su ya yi kyau, sati bai zagayo ba ina wanke-wanke ɗaya ya sake ficewa, da na duba ramin sai ga busasshen gam fari a ciki. Fisabilillahi gwal 21 a sa masa sufa gulu? In mutum bai iya ba ya ce bai iya ba mana.

Auwal_Gwal:
Hajiya ki yi haƙuri, wannan ba aiki ba ne, kuma irinsu ke ɓata mana suna. Dutse mai yanka ƙarfe ne ke riƙe shi. Gam ma yana kashe masa haske don yana cika bayansa. Inda aka yarda da gam shi ne lu'ulu'un cikin kawa da ake sawa a kan ɗan tsinke, da wasu kayan ado na roba da gilas. Ki nemi mai ɗora dutse na gaske ya wanke ramin ya tayar da ƙarfen.

Abu_Hafsat:
Tambaya a gefe, zoben azurfa mai dutse ga namiji ya halatta ko sai wanda babu dutse? Ina so a yi min na aƙiƙ.

Malam_Na_Zaure:
Azurfa ta halatta ga namiji, zinariya ce aka hana mu. Kuma ya zo a hadisin Anas a cikin Muslim cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne kuma dutsensa na Habasha ne. Sauran bayani ka tuntuɓi malaminka, kar mu karkatar wa Sani da zarensa.

Abu_Hafsat:
Na gode Malam.

Jos_Gems:
Ni duwatsu nake sayarwa a Jos, kuma ina so in ja kunne a kan wani abu game da sa alama da ban ga an taɓo ba. Dan Allah kar a sa maka ko allura a jikin dutsen kansa in ba a san ko wane iri ba ne. Fairuz, shuɗin dutsen nan, yana shan ruwa, in tawada ta shige shi ta zauna kenan, taurinsa kuma 5 zuwa 6 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, allurar ƙarfe mai tauri za ta karce shi. Aƙiƙ wajen 7 ne, zirkon ɗin kanti da Sani ke aiki da shi ya haura 8, shi ya sa yake jure wahala kuma ya dace da koyo. Safaya irin ta Mambila 9 ce, ƙarfe ba ya karce ta. Amma tauri daban jure bugu daban. Tofaz ɗin da ake samu nan Filato 8 ne amma yana da layin tsagewa, bugu ɗaya in ya zo a kan layin zai rabe biyu. Zumurrudu ma haka, cike yake da ƙananan tsagu a ciki.

Sannan duwatsunmu na gida da ake yankawa da hannu ƙugunsu, wato bakin zagayen da ya fi faɗi, ba ya zuwa ɗaya, wani gefe kauri wani gefe siriri, wani ma zagayen bai cika ba. In ka yanka masa mazauni da bakin inji kawai ka ce ai mili 6 ne, zai zauna a karkace. Irin wannan sai an bi shi farce bayan farce.

Maryam_Beads_KD:
To ya ake gane inda yake tokarewa?

Auwal_Gwal:
Ki shafa maka a cikin mazaunin, a ƙarfen ba a dutsen ba kamar yadda Jos_Gems ya ce, ki ɗauko dutsen da ɗan dunƙulen kakin zuma ki sa shi ki ɗan murza ki cire. Duk inda tawadar ta goge nan ne yake taɓawa, nan za ki rage. A aikin farce kuma kafin ki yanka komai ki tabbatar faratan tsayinsu ɗaya, ki saita difaida, ƙafa ɗaya a kan farcen ɗayar ta ja alama ta ciki, duka da buɗewa ɗaya. Yankan kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin farcen, in ya kai rabi ya wuce to kin raunana shi, wata rana mayafi zai kama shi ya buɗe. In kuma ke za ki dasa faratan da kanki guda shida, buɗewar difaidar da kika zana da'irar da ita, ita za ki taka a kan da'irar, sau shida cif za ta zagayo.

Usman_Dubai:
Gaskiya ina karanta ku ina jinjina muku amma duniya ta wuce nan. A wajen da nake aiki a Deira ba wanda ke jan layi da difaida a kan sabon kaya, a kwamfuta ake zana zoben da manhajar Rhino ko MatrixGold, ramukan duk a jere da tazararsu, inji ya fitar da shi a kaki a zuba gwal. Zirkon ma wani lokacin tun a kakin ake dasa shi a zuba ƙarfe a kansa. Mai ɗora dutse yana zaune da madubin ƙara girma yana kwantar da ƙarfe kawai. Matasa ku koyi zanen kwamfuta, nan kuɗin yake.

ɗan_Sakkwato:
To in kayan naku sun zo nan dutse ya fita, ko Hajiya ta ce a ƙara mata girman zobe duwatsun sun saki, kwamfuta ka gyarawa? Wurinmu ake kawowa.

Usman_Dubai:
Ban musa ba Malam, gyara sai hannu. Kuma waɗanda suka fi iya zanen ma waɗanda suka taɓa zama a benci ne don sun san inda ƙarfe zai yi siriri. Ina cewa ne dai kar a tsaya a guda.

Baba_Maƙerin_Fari:
Usman ka yi gaskiya a taka, amma yaron nan zobe ɗaya ne a gabansa kuma mai shi tana jira. Mu koma kansa.

Sani_Azurfa:
Na gwada a kan guntun jan ƙarfe tukuna kamar yadda wani ya ba ni shawara ta inbok. Na shafa maka, na ja layin tsakiya ta gefe biyu, na taka mili 3, na fara da mai kan ƙwallo. Layin ya miƙe sosai wallahi. Saura guda ɗaya na gefe da ya ɗan matso kusa da ɗan'uwansa, ban san dalili ba tunda difaidar ban taɓa ta ba.

Injiniya_Bash:
Hannunka ne ya tsaya a miƙe alhali zoben ya lanƙwasa. Kowane rami dole diril ya nufi cibiyar zoben, wato kana matsawa gefe kana juya zoben yadda alamar da za ka huda ita ce a sama daidai. In ka bar zoben a yadda yake ka huda na gefe daga sama, bakin zai gangara. Kuma wannan ya tuna min wani abu ga masu yin zoben da dutse ya zagaye shi duka. Alamar a saman ƙarfe kake sa ta, amma ƙugun dutsen a ƙasa da nan yake zama inda da'irar ta fi ƙanƙanta. Zobe mai faɗin waje mili 21 zagayensa kusan 66, in ka raba da taku 3 duwatsu 22 kenan. Amma ka nutsa rabin mili ciki, faɗin ya koma 20, zagaye 62.8, tazarar kowane ta koma wajen 2.85. A aikin Sani ba komai tunda akwai fili, amma in duwatsun manne da juna ake so su zauna to wannan ɗan bambancin zai sa ƙugu ya hau ƙugu, na ƙarshe ya ƙi shiga ko ya ɓare ɗan'uwansa.

ɗan_Sakkwato:
Mu dai takarda muke yankowa siririya mu naɗa ga zoben mu yanke daidai, mu ninka biyu, mu ninka huɗu, takwas, sha shida, mu mayar mu ɗiga alama ga kowane karin ninki. Babu 3.14 babu komi kuma yana fita.

Injiniya_Bash:
Yana fita in adadin 8 ne ko 16 Malam. In 22 ake so fa?

ɗan_Sakkwato:
Sai in raba huɗu da takarda, sauran in jera duwatsun kife bisa ɗan kaki a jikin zoben in gani da idona yadda za su zauna kafin in taɓa ƙarfe. Ido na da aikinshi Injiniya.

Auwal_Gwal:
Jera su a kife ɗin nan ni ma ina yi, musamman in fili ne mai faɗi za a cika da duwatsu ba layi ɗaya ba. Ka shafa kaki siriri, ka kifa su fuska a ƙasa tsini a sama, ka matsa su har tsarin ya yi maka, sannan ka ɗauke ɗaya bayan ɗaya kana soka tsakiyar sawun da ya bari. Kuma Sani kafin ka huda komai ka ɗauki hoton alamomin da waya ka zuƙo shi, abin da idonka bai gani ba a benci za ka gan shi a sikirin.

Maryam_Beads_KD:
Kayan aikin nan fa a ina ake samu? Na duba intanet kuɗin turowa ya fi kuɗin kayan.

Baba_Maƙerin_Fari:
Difaida da kalifa da bakunan inji su kam sai an saya, ki tambayi masu kawo wa 'yan gwal kaya a kasuwa. Sauran ki yi abinki. Allurar keken ɗinki da ta karye ki soka ta a ɗan itace, kin samu abin jan layi. Bakin inji da ya mutu kar ki yar, ki karye kan, ki wasa ƙarshen ya yi ɗan tsini mai santsi, ki goge shi har ya yi ƙyalli, shi ne abin da Sani zai zagaya da shi bakin ramin ya kwantar da azurfa a kan dutse. In bai yi santsi ba zai bar zane a ƙarfen. Abin tura katanga kuma guntun sandar tagulla ya isa, ita ko ta zame ba ta cika yi wa dutse illa ba. Ku sa tabarau in kuna huda, bakin diril na mili 1 in ya karye tsalle yake yi.

Inadan_Agadez:
Haka ne Baba, mu ma abin sassaƙarmu da yawa daga tsohon turnabis, wato sukuddireba, muke wasa shi. Sani in ka zo kwantarwa kar ka zagaye lokaci guda, ka danna gabas ka danna yamma, kudu da arewa, ka duba dutsen bai karkace ba, sannan ka zagaye.

Sani_Azurfa:
In sha Allahu. Tambaya ta ƙarshe, in na gama yanka mazaunan in goge zoben in sa polish kafin in sa duwatsun ko bayan na sa? Maigidana bayan ya sa yake yi.

Auwal_Gwal:
Ni kafin nake yi, duk wata walda da goge layukan alama da sanfefa a gama su tukuna, in dutse ya hau sai ɗan shafawa ta ƙarshe kawai. Sanfefa tana iya dusar da fuskar zirkon.

ɗan_Sakkwato:
Goge layin kafin, na yarda. Amma kada ka kai shi ga buroshin inji bayan ka yanka ramu, yana cinye bakin ramin ya bar ka babu naman da za ka kwantar. Ka goge tun bayan hudar farko ta mili 1, lokacin alamar ta gama aikinta, sannan ka buɗe ramun.

Jos_Gems:
Hajiya Maryam in kin tashi gwada katanga ki fara da aƙiƙ, kar ki fara da fairuz. Ki turo min awon faɗi da tsayin da kike so ta inbok in duba cikin abin da ke hannuna ko akwai mai shafaffen gindi.